Biyu Daga Hannu, Uku Daga Tebur

Bakina ne ya jawo mana. Baba ya fita sayen burodi a bakin titinmu na Akpakpa, nan Kwatano, da safe, bai dawo ba sai da rana ta raba, goye a bayan babur ɗin wani ɗan zem, wato ɗan acaɓa. Mutumin ya ce a kan gada ya tsince shi, tsaye da burodi a hammata, yana tambayar masu wucewa ina ne hanyar gidansa. Na sallami ɗan zem na ja bakina na yi shiru, amma unguwarmu ba ta san riƙon magana ba. Kafin mako ya zagayo labari ya isa Faraku, can arewa, kunnen yayana Sejro.

"Fifame, zan zo in ɗauki Baba," in ji shi a waya. "Gidana da katanga da ƙofa, matata kuma ma'aikaciyar jinya ce. Ke kina kan keken ɗinki tun safe, ba za ki iya tsaronsa ba."

"Tsaro? Akuya ce? Haba Yaya, mutumin da yake cinye su Tonton Zinsu a karta kowace Lahadi, shi kake cewa kansa ya taɓu? Zo ka gani da idonka."

Ya ce, "To, zan zo ƙarshen wata. In na ga ya zauna ya yi wasan kamar yadda kika faɗa, na bar miki shi. In ba haka ba, ki haɗa masa kaya."

Sejro ba ya magana biyu, kuma shi ne babba, dangi duk bayansa za su bi. Na ajiye waya ina nadamar kurin da na yi, domin gaskiyar magana rabon da in leƙa teburin kartar nan na manta. Na dai san kowace Lahadi bayan an taso daga coci Baba yakan sa hularsa ya tafi gidan abokinsa Tonton Agosu (Tonton, wato kawu, muke ce wa abokansa), su zauna gindin mangwaro su huɗu: shi, da Agosu, da Tonton Zinsu mai bakin tsiya, da Tonton Dosa wanda kunnensa ya yi nauyi. Tun suna aikin jirgin ruwa suka koyi wasan a wurin matuƙan waje, lokacin Baba yana dafa musu abinci, shi ya sa har yau Kuku suke ce masa. Ba kuɗi a ciki. Marafan kwalba suke zubawa, wanda nasa suka ƙare a maƙala masa matsin shanya a kunne, irin na katakon nan da muke kama wanki da shi a igiya. Amma in ka ji rigimarsu sai ka rantse gado suke rabawa. Tonton Zinsu ya taɓa gaba da Baba wata guda cur a kan marfi ɗaya da ya faɗi ƙasa.

Washegari na rufe shago na nufi gidan Tonton Agosu. Na same shi yana gyaran rediyo, na gaya masa duk yadda muka yi da Sejro. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni ta saman tabarau.

"'Yata, kin yi kuri a kan wasan da muka bari. Tun Ista muka canza."

"Kuka canza me?"

"Ɗan Zinsu na Legas ya kawo mana sabo, wai Omaha sunansa. Mu dai mai huɗu muke ce masa. Tun da muka fara, kunnen ubanki bai huta da matsi ba."

Sai a lokacin na tuna jan da nake gani a kunnen Baba duk ranar Litinin, ina cewa sauro ne. Na ce to su koma tsohon mana, ko na rana ɗaya. Tonton Agosu ya girgiza kai.

"In muka koma, Kuku zai san dalili, kuma ba zai sake taka gidan nan ba. Kin san ubanki. Kada kuma ki kai wa Zinsu maganar nan, in ba so kike duk Kwatano ta ji kafin la'asar ba."

"To koya min, ni in koya masa."

Ni da ban taɓa riƙe karta ba, Mama ta raine mu a kan cewa ta shaiɗan ce. Ya shiga ɗaki ya ɗauko ta, ya share benci ya fara shimfiɗa min. Ya nuna min darajarsu tun daga as, babbarsu, da sarki, har ƙasa. Ya nuna min yadda biyu masu lamba ɗaya suke cin wanda ba shi da komai, uku su ci biyu, jeri, wato biyar masu lamba bi da bi, ya ci uku, sannan launi, wato biyar masu zane iri ɗaya, ya ci jeri. Wannan bai ba ni wahala ba, wadda take haɗa atamfa da leshi ba za ta rasa gane zane ba.

"Yanzu ga inda gizo yake saƙa," in ji shi. "A tsohon wasa karta biyu ake ba ki a hannu, a buɗe biyar a tsakiyar tebur na kowa da kowa: uku tukuna, sai ɗaya, sai ɗaya, ana zuba marafai a tsakani. Ki haɗa biyar ɗinki yadda kika ga dama, ko da biyun hannunki, ko da ɗaya, ko ma babu. A sabon nan huɗu ake ba ki. Amma biyu za ki ɗauka daga hannu, uku daga tebur. Ba ɗaya ba, ba uku ba. Biyu."

"Ai wannan ya fi sauƙi, tunda an ƙara maka karta."

"Haka kowa yake faɗa kafin a kama masa kunne."

Ya jera karta huɗu masu zanen zuciya a kan benci, ya miƙo min as ɗin zuciya da baƙaƙe uku. Ya ce me nake da shi. Na ƙirga na ce launi, ga huɗu ga ɗaya. Ya miƙo hannu ya murɗe min kunne kamar ina 'yar shekara bakwai.

"Ba ki da komai. Zuciya ɗaya ce a hannunki, ana son biyu. Nan ubanki yake faɗawa kullum. Shekara arba'in hannunsa ya saba da wancan, idonsa na ganin huɗu a tebur sai ya manta da duniya."

Ya ba ni aron kartar na tafi da ita a jakar zare.

Daga ranar na mai da teburin yanka ya zama teburin karta. Da safe kafin masu ɗinki su fara zuwa, sai in kai wa Baba kununsa in zauna in raba. Ranar farko ya dube ni a karkace.

"Yaushe ke, rainon uwarki, kika shiga hannun shaiɗan?"

"Kaɗaici ne, Baba. Ɗauki kartarka."

Da safe kansa garau yake. Yana riƙe su huɗun nan kamar an haife shi da su, ya zare biyu ya ajiye kusa da na tebur, har ya gyara min kuskure yana dariya. Ya ce wane irin mai gida ne zai zuba maka nama huɗu a kwano, ya ce ci biyu ka mai da biyu tukunya. In na ji haka sai hankalina ya kwanta, in hau keke ina waƙa. Amma wasan Lahadi ba da safe ake yi ba, bayan cin abincin rana ake zama. Da na fara gwada shi a wannan lokacin sai na ga abin da Tonton Agosu yake faɗa. Wani zubin ya ɗauki uku daga hannu, wani zubin ɗaya. Wani zubin ya tsaya yana kallon kartar, ya ce wa ya ƙara masa biyu.

Ina da saurin fushi, ban taɓa ɓoyewa ba. Wata rana na jera masa tarkon nan na zuciya huɗu sau uku a jere, sau uku yana cewa launi, yana murmushin wanda ya tsinci dami a kala. A na ukun na buga tebur har almakashi ya faɗi.

"Biyu, Baba, biyu. Sau nawa zan faɗa? Ko yaron da bai shiga makaranta ba ya san biyu."

Ya tattara kartar a hankali, ya daidaita gefenta, ya ajiye min a gabana, ya tashi ya shiga ɗaki. Na zauna ina kallon ƙofar da ya rufe, kunya ta rufe ni, tsoro kuma ya fi kunyar yawa. Da yamma na soya masa kifi da yaji na haɗa da akasa, agidinmu na masara, na kai masa. Ya ci ya wanke hannu, sannan ya ce, "Kawo ta mu sake."

Na gwada dabaru iri-iri. Na ce ya riƙa ɗaga yatsa biyu kafin ya buɗe karta. Na ce ya raba huɗun gida biyu a hannunsa. Na mai da ƙa'idar waƙa da muryar wadda muke yi a coci, Allah Ya yafe min, muna rerawa tare: biyu daga hannu, uku daga tebur. Ya riƙe waƙar tsaf, har a banɗaki ina jin yana yi. Amma waƙa daban, zuciya huɗu a kan tebur daban. A kwanakin nan na ɓata wa wata mata rigar biki, na ɗinka hannun a juye, ta wanke ni tas a gaban mutane ban iya ramawa ba, abin da bai taɓa faruwa ba.

Sejro ya iso ranar Asabar da motarsa. Na lura ya kwashe komai daga bayan motar, ya bar wurin fayau, kuma na gane kayan Baba aka tanadar wa wurin. Ya gai da Baba da ladabi, ya ce kewar gida ce ta kawo shi. Da Lahadi ta yi muka dawo daga coci, ya ce zai raka Baba wurin abokansa ya gaishe su. Baba ya dube shi, ya dube ni, ya sa hularsa.

Tonton Zinsu na hango mu ya fara.

"Kuku ya zo da 'yan rakiya. To ko bishop ka kawo, yau sai kunnen nan ya yi jini. Kai Sejro, ka zo ganin yadda ake yanka tsohon zakara?"

"Gaisuwa na zo yi, Tonton."

"Gaisuwa tun daga Faraku? Lallai man fetur ya yi araha."

Ya faɗa yana dariya, amma na ga idonsa ya tsaya a kan Sejro fiye da yadda wasa yake bukata. Aka ba Sejro kujera a gefe, aka miƙa masa sodabi, barasar bammi, ya ce ba ya sha. Shi ɗan Mama ne na gaske, bai san as ba bai san sarki ba, abin da zai iya gani kawai shi ne wa yake jan marafai, wa kuma ake yi wa dariya. Ni na tsaya bayan Baba da sunan yi masa fifita, ina ganin kartarsa.

Da farko abin ya tafi daidai. Baba ya zubar da hannu biyu marasa kyau. A na uku ya zare tara biyu daga hannu, ya haɗa da tara ɗaya a tebur, ya ci Tonton Dosa. Na saci kallon Sejro na ga ya gyara zama. Tonton Zinsu ya ce sa'ar mahaukaci ce, ya ce a buɗe masa kartar ya ƙirga da kansa, ya ce Kuku tun a jirgi ɓarawon nama ne. Baba ya ce ai shi ya sa Zinsu bai taɓa ƙiba ba. Aka yi dariya har da Sejro.

Sai Tonton Agosu ya sake rabawa. Baba ya buɗe nasa a hankali: as ɗin zuciya, da baƙaƙe uku da ba su haɗa komai ba. Aka buɗe ukun farko a tebur, biyu a ciki zuciya ne. Na ce a raina zubar, Baba, zubar. Ya bi, ya zuba nasa marafan. Aka buɗe ta huɗu, zuciya. Na fara rera waƙar nan ƙasa-ƙasa kamar ina yi wa kaina, ya ɗaga hannu ya kore ni kamar ƙuda. Tonton Zinsu ya zuba marafai da yawa, Agosu da Dosa suka zubar, Baba ya bi. Tonton Agosu ya riƙe karta ta biyar a hannunsa ya ɗan jima, sannan ya ajiye ta a buɗe. Zuciya ce.

Ina ganin bayan wuyan Baba na san ya faɗa. Kafaɗunsa suka miƙe, ya sa hannu biyu ya tura duk marafansa tsakiya. Tonton Zinsu ko tunani bai yi ba ya tura nasa, yana lasar baki, har ya ɗauko matsin ya ajiye kusa da shi. Na buɗe baki, amma me zan ce? In na yi magana Sejro ya gani, in na yi shiru ma zai gani.

Baba ya baje kartarsa huɗu a kan tebur, kowa yana kallo.

"Launi," in ji shi, "da as a kai. Miƙo kunnen, Zinsu."

Ja ɗaya tak a cikin huɗun, baƙaƙe uku a gefenta, ko makaho ya shafa ya sani. Tonton Dosa ya leƙo ya ce, "Af, ai guda ɗaya ce..." sai Tonton Agosu ya tura masa kofi a baki ya ce sha, maƙogwaronka ya bushe. Tonton Zinsu yana riƙe da kartarsa, bakinsa a buɗe, zagin ya riga ya hau harshe. Ya dubi Baba. Ya dubi Sejro da ya miƙo wuya yana jiran a gaya masa wa ya ci. Sannan ya dube ni, ban san abin da ya gani a fuskata ba. Ya haɗa kartarsa ya cusa ta a kife cikin sauran.

"Ka ci, Kuku," ya ce a hankali.

Ya ɗauki matsin da hannunsa ya maƙala a kunnensa. Tonton Agosu ya yi maza ya tattare kartar ya hau cakuɗawa, yana ba da labarin wani kyaftin da ba wanda ya tambaye shi. Baba ya rungumo marafan yana dariya, yana jan su gabansa. A tsakiyar jan ne na ga hannunsa ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba. Ya yi wasa kaɗan bayan haka ya ce ya gaji.

Sejro ya ja ni gefe bakin ƙofa. "Na gani, Fifame. Ki yi haƙuri, na ɗauka abin ya wuce haka. Ki dai riƙa sa ido." Ya ce zai biya ya gai da gwaggonmu kafin ya dawo gida, mu yi gaba. Abin da na yi wata guda ina roƙo ke nan, ga shi an ba ni. Na yi murna, ba zan yi ƙarya ba, amma murnar ba ta kai zuci ba.

Muka kama hanya ni da Baba, ina riƙe da gwiwar hannunsa saboda 'yan zem. Muka wuce mai gasa masara. Daga nan ya ce mu tsaya ya huta, ya zauna a kan dakalin wani shago da ke rufe.

"Zuciya nawa ce a hannuna?"

"Baba, ka ci, kowa ya gani."

"Fifame."

Na sunkuyar da kai. "Ɗaya."

"Ɗaya. Ina jan marafan na tuna. Zinsu ko bakwai biyu ya riƙe ya fi ni, kuma ba bakwai biyu ya riƙe ba, na ga yadda yake lasar baki." Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "Kin ji ya zage ni?"

"A'a."

"Ya ce a ƙirga kartar?"

"A'a, Baba."

"Tun muna samari mutumin nan bai taɓa bar min ko ƙwayar gyaɗa ba. Duk makonnin nan da suke kama min kunne, ina dawowa da zafi amma ina barci, na san har yanzu ni abokin wasa ne. Yau ya ji tausayina. Daga yau duk wanda na ci, ba zan san ko ni na ci ba."

"Saboda Sejro Tonton Zinsu ya yi haka. Na rana ɗaya ne. Zan gaya masa ya daina, Lahadi mai zuwa ya kama maka kunne biyu in kana so."

"Ki roƙe shi ya zage ni?" Ya yi 'yar dariya. "Na san abin da ya kawo yayanki. Yaron da ko kwalin karta ba ya taɓawa ya zauna yana kallon wasa, ke kuma kin koyi abin da uwarki ta hana. Kaina yana zuba, amma bai ƙare ba tukuna. Gara in tafi yanzu da ƙafata, ina sane da wanda ya ɗauke ni da inda za a kai ni. In ya dawo ki ce masa ya kwana biyu, in yi sallama da mutane."

"Ba zan faɗa ba."

"To ni zan faɗa."

Na zauna kusa da shi a kan dakalin ina kuka, mutane suna wucewa suna kallonmu, ban damu ba. Na ce masa zan rage ɗinki, zan sa ƙofa, zan riƙa raka shi ko'ina. Ya bar ni na gama, yana shafa hular da ke gwiwarsa. Da na yi shiru ya mai da ita kansa ya miƙo min hannu in tashe shi.

"Faraku akwai teku?" ya tambaya.

Na dube shi, na rasa ko ruɗewar ce ta dawo. Na ga yana jira.

"Babu, Baba. Ko kusa."

"Na sani," in ji shi. "So nake in ji ko ke ma kin fara yi min irin ta Zinsu."